Mun iya dubiya, amma waye ke duba mai jinya?

Ranar da aka kwantar da Baba a asibiti, kafin a kira la'asar na ƙirga kula 11 a ƙarƙashin gadonsa da gefen loka. Akwai farfesun kayan ciki, akwai na kaza, akwai tuwon shinkafa miyar taushe, gwaggonmu ta Kurna har funkaso da dambun nama ta aiko, ga katan ɗin lemo guda 2 an jingine a bango sai ka ce walimar suna za a yi. Shi kuma wanda ake kawo wa duk wannan gara shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, bakinsa ya karkace gefe guda, likita ya ce kar a kuskura a ba shi komai ta baki sai an gwada an ga yana iya haɗiya, kuma abin da ya kayar da shi ɗin ma tun farko hawan jini ne. Ƙarshenta mu 'ya'yansa da maƙwabtan gado muka yi wa abincin rubdugu, har wani dattijo da ke jinyar ɗansa a gadon gefe ya suɗe hannu ya ce shi dai Allah ya ba Alhaji lafiya amma don Allah kar a yi gaggawar sallamarsa. Baba ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa, kuma ita ce dariyar farko da muka ji tun asubar da abin ya faru.

Ba raina alheri nake ba wallahi, duk wanda ya ɗauko kula ya hau Adaidaita a wannan rana ta Kano ya zo duba mahaifinka ya gama maka komai. Kuma dubiya addini ce, tana cikin haƙƙoƙin da musulmi ke da su a kan ɗan'uwansa. Mu Kanawa kam mun iya ta, je ka ƙofar Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko na Nassarawa ko na ƙashi da ke Dala da yamma lokacin da ake barin masu dubiya su shiga ka ga ikon Allah, mata da fulas da leda, maza da 'yar ambulan a aljihu, kowa na sauri. Abin da ke damuna shi ne zumuncin namu barci yake yi har sai mutum ya faɗi, in ya farka kuma gadon kawai yake kallo, baya ganin wadda ke zaune a kan tabarma a ƙasan gadon.

Mu 7 Baba ya haifa. A cikinmu akwai wanda ya sai masa waya mai tsada, akwai mai ɗinka masa shadda duk sallah, ni ne mai rago, amma babu ko ɗaya da ya taɓa tunanin sayen 'yar na'urar awon jinin nan mai batir, wadda ko kusa ba ta kai kuɗin ragon ba. Shekara da shekaru yana dawowa daga Kantin Kwari yana dafe ƙeya, a ce Baba lafiya, ya ce gajiyar kasuwa ce, a aiki yaro kemis ɗin bakin layi a haɗo masa na ciwon jiki, 'yan ƙwayoyi kala uku ko huɗu a ƙulle a leda babu wanda ya san sunansu. Daga baya ne muka gane akwai diclofenac a ciki saboda gwiwarsa, kuma irin waɗannan magungunan, shi da su ibuprofen, in aka mayar da su abin sha kullum suna ƙara hawan jini kuma suna taɓa ƙoda. Abin da ya fi ba ni haushi ma, ashe an taɓa gaya masa. Wani zuwa asibiti da ya yi shekarun baya an auna an ce jininsa ya hau, an rubuta masa magani, ya sha wata guda ya ji garau sai ya ce ya warke, ya ajiye sauran a saman wadrob.

To hawan jini ba zazzaɓin cizon sauro ba ne da za ka sha na kwana 3 a wuce wajen. Yawancin masu shi ma ba sa jin komai a jikinsu, shi ya sa yake cin mutum a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan 1 ne ke ɗauke da shi kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. In aka auna ka a ranaku daban-daban ana samun 140/90 ko fiye, to ka shiga layi, ko da kuwa kana iya ɗaukar buhun shinkafa ka hau bene da shi. Jinin yana ta dukan jijiyoyi a hankali har ranar da wata za ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, sai a ce ai lafiyarsa ƙalau jiya ma mun yi sallar isha'i tare. Ba ƙalau yake ba, ba a auna ba ne kawai.

Sai ka ji dattijo ya ce shi fa baya son maganin Bature don in ka fara ba ka dainawa. Haka Baba ya ce min. Na rasa amsa a lokacin, sai ƙanwarmu auta da bakinta baya shiru ta ce Baba ai tuwo ma tunda ka fara ba ka daina ba. Wani kuma zai ce zoɓo da tafarnuwa sun ishe shi, wani ya tsaya gaban motar nan mai lasifika a saman kai ya sayi jarka guda da aka ce tana maganin basir da suga da hawan jini da sanyin ƙashi da rashin haihuwa duk a lokaci ɗaya, ni dai ban taɓa ganin mai motar ya fito da na'ura ya auna kowa ba, kafin sha ko bayan sha. Ka sha zoɓonka ba wanda ya hana, amma ka auna ka gani, lamba ba ta jin kunyar kowa.

Na san abin da wasu za su ce, kai kana magana ne don kana da na saye. Gaskiya ne kuma ba zan musa ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, akwai gidajen da in an sayi ƙwaya yau to babu cefane. Gwamnati na da nata kason a nan kuma babba ne. Tun 2001 shugabannin Afirka suka zauna a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayyar da aka yi taron a gidanta har yau ba ta cika ba. Ni a ganina duk asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya kamata a ce mutum zai iya shiga a auna shi kyauta ba sai ya yanki kati ya bi layin awa 3 ba, kuma tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KSCHMA, ya kamata a ce ɗan kasuwa da mai shayi sun san da shi kamar yadda ma'aikaci ya sani. Amma duk da haka mu faɗa wa kanmu gaskiya, magungunan hawan jini irin su amlodipine na cikin masu sauƙin kuɗi, kuma ko nawa suka kai ba za a haɗa su da wankin ƙoda da ake yi sau 2 ko 3 a sati ba, wanda na ga ya sa mutane sun sayar da fili da gida. Sannan gidan da aka iya tara kula 11 a yini ɗaya ba za a ce an kasa haɗa kuɗin maganin wata ba. Kuɗin akwai, lokacin fito da shi ne muke kuskurewa.

Yanzu bari na zo kan wadda ta sa ni wannan rubutun, yayarmu. Duk wanda ya taɓa kwana a asibitin gwamnati a ƙasar nan ya san mai jinya ce rabin asibitin. Ita ce za ta je famasi, in babu ta fita waje ta nemo, ita ce za ta kai jini lab ta koma karɓo sakamako, ita za ta juya mara lafiya kar bayansa ya yi gyambo, ta goge shi, ta zubar da fo, ta lura in ruwan dirip ya kusa ƙarewa ta ruga ta kira nas, nas ɗin kuma ba laifinta ba ne ita kaɗai ce a kan gadaje da yawa. Da daddare ta shimfiɗa tabarma a baranda sauro ya yi ta kiɗa a kunnenta. Kwana 16 Baba ya yi, Yaya ta yi 16 tare da shi, in ka cire dare 2 da wani ƙaninmu ya kwana ya tashi yana cewa bayansa ya riƙe. Hajiya kuma kullum tana hanya tsakanin gida da asibiti, ta dafa ta kawo ta karɓi baƙi a can ta karɓa a nan.

Mu mazan fa? Muna gurup. Gurup ɗin gidanmu na WhatsApp ya cika da addu'a, Allah ya ba Baba lafiya, Allah ya sa kaffara ne, sitika mai hannu a sama ta fi 50 a rana, amma daren da Yaya ta rubuta wa zai karɓe ni gobe ina so na je na ga yarana, sai gurup ya yi tsit kamar an ɗauke sabis a duk faɗin Kano, kowa ya karanta ga alamar nan shuɗiya, ba wanda ya tanka. Ni na tura kuɗi. Na ji alat ya fita na ji raina ya yi sanyi na ce na sauke nawa, har da ɗan jin kai. Ban gane abin da na yi ba sai ranar da na shigo da safe na same ta zaune ta jingina da bango tana barci, cokalin kunu a hannunta, ƙafafunta sun kumbura sun cika silifas. Ita ma fa tana da miji da yara 4 da 'yar sana'arta ta ɗinki da ta tsaya cak, ba wanda ya tambayi waye ke kai yaranta makaranta.

Ku lura ma da gaisuwar da muke yi. In ka shiga ɗakin, mara lafiya za ka ce wa sannu, ya jiki, ita kuma mai jinya ka juya ka ce mata ya mai jiki. Ko gaisuwar da ake mata ba tata ba ce. Sannan ita ce za ta tashi ta ba ka kujera, ta maimaita maka labarin yadda abin ya faru tun daga asuba, karo na 30 kenan a ranar, ta karɓi wayarka don ga wane a Legas zai gaishe da Alhaji, Alhajin da da ƙyar yake haɗa kalma biyu. Wasu in sun zo sai sun yi awa 2, a yi hirar siyasa a yi ta farashin masara a Dawanau, mara lafiya na son ya yi fitsari kunya ta hana shi faɗa. Kuma kowane mai dubiya likita ne. Wannan ya ce iska ce ta buge shi, wannan ya ce a binciki abokan kasuwa don wannan ba haka kawai ba ne, wata ta jawo Hajiya gefe ta ce akwai wani mai magani a wani ƙauye da ya tayar da wanda ya fi wannan, a cire shi daga nan kawai. Wanda ya ce mana da mun ga baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe asibiti za a nufa a take don kowane minti ƙwaƙwalwa yake ci, babu shi, sai likita, shi ma bayan mun ɓata awa 4 a gida ana shafe-shafe da hayaƙi.

Da za a ji tawa, dubiya minti 10 ta isa. Ka yi addu'a ka fita. In da gaske kana son lada mai yawa ka ce wa mai jinya tashi ki je gida ki yi wanka ki yi barci ina nan har magariba, ko ka biya ta gidanta ka kai wa yaranta wannan kular, su suke da bakin ci. Maza kuma mu daina fakewa da cewa jinya aikin mata ne, uba namiji ne fa, kama shi zuwa banɗaki da yi masa wanka ai mu ya fi dacewa da mu, shi kansa ya fi sakewa.

Bayan an sallamo shi sai aka buɗe sabon fagen daga, yaƙin gishiri. An ce gaba ɗaya abin da mutum zai ci a yini kar ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a ciki har da wanda ke ɓoye a maggi da yajin tsire da burodi da taliyar yara. Hajiya da ta shekara 40 tana jefa dunƙule ba lissafi ta koma daddawa da citta da albasa, Baba ya ɗanɗana miyar kuka ya ture kwano ya ce shi ba a yi masa wannan horon ba ko a makarantar allo. Sati 2 ana haka sai muka lura ya daina ƙorafi, har yana cewa Alhamdulillahi abinci ya yi daɗi, ashe wani yaron maƙwabta yake aika da magariba ya sayo masa balangu a miƙo ta taga. Takardar da aka naɗe naman ce ta tona asiri, an same ta a ƙarƙashin filo duk ta yi maiƙo.

Waye zai yi masa faɗa? Babban yayanmu ɗan fari ne, ko sunansa Baba baya faɗa, tsakaninsu sai kunya da sunkuyar da kai. Ni in na buɗe baki ya ce yaushe aka haife ka. Hajiya in ta yi magana ya ce ta ƙosa ya mutu ne ta huta. Wadda ta iya da shi ita ce 'yar Yaya mai shekara 7, amaryarsa kamar yadda yake kiranta. Ta zo ta tsaya a gabansa da ƙwaya a tafin hannu da kofin ruwa ta riƙe ƙugu ta ce ni fa ba zan zauna da miji mai jan ƙafa ba, in ba ka sha ba yau ɗin nan zan koma gidan tsohon nan na kan kwana, shi ko sanda baya riƙewa. Baba ya ce wannan mai haƙori biyun? Ya karɓa ya haɗiye yana ce mata mummuna, wa ma zai kwashe ki. Tun daga ranar ita ce mai ba da magani, kuma bai ƙara tsallake ko na rana ɗaya ba in tana gidan.

Na daɗe ina tunanin wannan abin. Mutanen da suka tsara mana wasan jika da kaka da na taubasai ba sakarkaru ba ne, sun san gida mai yawan kunya da girmamawa dole a bar masa wata 'yar ƙofa da gaskiya za ta dinga shiga ba tare da an ji ciwo ba. Abin da ɗa ba zai iya faɗa ba jika zai faɗa a yi dariya kuma saƙon ya isa. Haka wani amininsa Bazazzagi da suka yi zaman kasuwa tare, da ya zo bai ce sannu ba bai yi fuskar tausayi ba, daga bakin ƙofa ya ce ai dama na faɗa Bakano ba ƙwari gare shi ba, ɗan wannan abin ne ya kwantar da kai? Baba ya yunƙura don ya rama. Shi ne mutumin da ya dinga zuwa yana jansa masallaci da ƙafa, yau na kusa, wani satin na gaba da shi, suna tafe suna tsiya, abin da mai gashin ƙashi ya yi ta roƙo a yi mu muka kasa sa shi. Likitoci na cewa tafiyar minti 30 sau 5 a sati, mu kuwa yanzu daga ƙofar gida Adaidaita zuwa ƙofar shago, ko bakin titi ba ma son takawa. Masu zuwa su zauna su yi tagumi suna girgiza kai suna cewa oh Alhaji kai ne ka koma haka, wallahi in sun fita sai ya yini bai yi magana ba.

Na'urar dai mun saya daga ƙarshe, bayan ɓarna ta riga ta auku. Amarya ta ƙwace ta ta zama likitar gida, ta samu tsohon littafin makaranta ta ja layi, ta haddace dokokin da nas ta faɗa, a zauna minti 5 tukuna, a jingina baya, a ɗora hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana ba dariya. Wata ranar Juma'a muna zaune a tsakar gida ta gama da mijinta sai ta ce saura kishiyata. Hajiya ta ce ke tafi can ni lafiyata ƙalau, aka yi ta dariya ana zuga ta har ta miƙa hannu don a rabu da ita. 172/104. Tsakar gidan ya yi shiru. Hajiya ta ce batir ne ya yi sanyi, aka canza batir, aka sake washegari, aka sake jibi, lambar ta ƙi sauka, sai a hanyar asibiti take gaya wa Yaya wai tun Baba na kwance take jin kanta kamar an ɗora dutse amma ta ga ba lokacin faɗa ba ne, ana ta mai rai a hannun Allah wa zai saurari ciwon kai. Duk mutanen da suka yi ta sintiri a gidan nan wata guda, da mu 'ya'yanta 7, ba wanda ya ce Hajiya ke fa. Yanzu ita da Baba tare suke shan magani da safe, yana mata dariya wai ta gama yi masa gori ga shi ta biyo sahu, miyar ma yanzu ba shi kaɗai ake wa horon ba.

Satin da ya wuce na je gaishe su, ina zaune ina ba Yaya labarin zan yi rubutu a kan wannan maganar, mutane su dinga awo, sai ga likita da littafinta ta ce Kawu kawo hannu. Na ce ai ni yanzu na shigo, rana ce ta buge ni, ga go-sulo a Ƙofar Nassarawa, bari sai wani zuwan. Ta ce mijina ma haka yake cewa da. Baba na daga kan kujera ya ce ki kama shi kar ya gudu. 146/93. Na ce a sake, ta ce sai ka zauna minti 5 kuma ka daina surutu, aka sake, bai sauka da wani abin kirki ba. Ta rubuta sunana a layi na 3 ƙarƙashin na Hajiya da jan biro, ta ce na dawo ranar Asabar da safe kafin na sha shayi, kuma na taho mata da biskit kuɗin ganin likita.